A Buɗe Wa 'Yan Dambe Rajista

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Birnin Kudu ko ta Gwaram da kaka ya san abin da ke biyo bayan girbi. Da an ɗaure gero da dawa an kai rumbu, 'yan kuɗi sun shiga aljihun samari, sai ka ji kalangu ya tashi a bayan gari da la'asar sakaliya. Kafin ka ankara fili ya cika, yara sun hau bishiya, 'yan dambe suna zagaye, kowa da zare a hannu yana neman abokin karawa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin kakanni rundawa ke bin garuruwa da kaka, su yi yanka da rana, su sa zare da yamma.

Baƙon abu shi ne wayar hannu. Yau yaron da ke dako a kasuwar Sara, ko mai kiwo a Kantoga, ya kan kwana yana kallon wani irin faɗa da a ke yi cikin keji a Amurka, wanda ya haɗa naushi da shuri da kokawa da shaƙewa. Turawa na taƙaita sunansa da MMA, mu kuwa za mu kira shi damben gauraye. Ya ji 'yan Nijeriya sun yi suna a cikinsa, ya ji yawan kuɗin da a ke biya. Ya kuma ga dambenmu na gargajiya ma ya shiga majigin waya, mutanen ƙasashe masu nisa suna kallo, kamfanoni sun fara ɗaukar 'yan dambe aiki da albashi. To, sai ya tattara 'yan komatsansa ya hau mota ta Wudil, ya nufi Kano, ko kuwa ya zarce Dei-Dei a Abuja, yana ganin ƙarfin damtsensa ya ishe shi guzuri. Tambayar da mu ke yi a yau ita ce, wa ya koya wa yaron nan, wa kuma ya auna shi ya ce ya isa tafiya?

Mun sani akwai masu karatu da za su ce jarida ta rasa abin faɗi. Malamanmu da yawa ba su son dambe, suna kuwa da hujja: ga bugun fuska, ga layu da guraye da shaye-shayen da wasu ke dogara gare su, ga ƙwaya da ta shigo daga baya. Ba mu zo yin gardama da su ba. Amma ko mun so ko mun ƙi, bana ma za a yi dambe a Basirka da Sundimina, masu yinsa kuwa 'ya'yanmu ne, wasunsu ma da safe suna zaune a benci gabanmu cikin aji. Abin da ba ka iya hana shi ba, kau da kai daga gare shi ba ya rage ɓarnarsa.

Bari mu fara da damben gaurayen, don shi ne ya ɗauke wa samari hankali. Kamfanin UFC, wanda ya fi kowane girma a wannan harka, ya yi gasarsa ta farko a 1993 a birnin Denba na Amurka. A lokacin babu ajin nauyi, babu turmi mai ƙayyadadden lokaci, sai dai a haɗa ƙato da siriri a ga abin da zai faru. Jama'a suka yi ca, jihohi da yawa suka hana. Bai sami karɓuwa ba sai da aka shimfiɗa masa doka wajen shekarar 2000 zuwa 2001. Yanzu turmi minti 5 ne, hutu minti 1, wasa turmi 3, in na kambu ne turmi 5. Alƙalai 3 ke ba da maki, likita na zaune a bakin fili, a kan kuma auna nauyin kowa kafin ranar wasa. A cikin wannan tsari ne Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya ci kambun ajin kilo 77 a watan Maris na 2019, Israel Adesanya haifaffen Legas ya ci na kilo 84 a watan Oktoba na wannan shekara. Dukansu sun riƙe kambun 'yan shekaru, daga baya aka karɓe.

Amma labarin da mu ke so malaman makaranta su karanta wa yara shi ne na Francis Ngannou, mutumin Kamaru, wanda ya tashi yana haƙar yashi a ƙauyensu. Allah ya ba shi hannu irin wanda ba a cika gani ba. Yana shiga UFC ya yi ta kashe mutane, yawancinsu tun turmin farko, har a watan Disamba na 2017 ya yi wa wani tsohon gwani Baholande bugun da duniya ta yi ta maganarsa. Kowa ya ce shi ke nan, an sami sarki. A watan Janairu na 2018 aka haɗa shi da mai riƙe da kambu, Stipe Miocic. Shi wannan bai tsaya musayar naushi ba. Ya jure guguwar turmin farko, ya riƙa kama Ngannou yana kayarwa yana danne shi. Kafin a kai tsakiyar wasa ƙaton ya gaji, ko ɗaga hannu da ƙyar ya ke yi. Aka yi turmi 5, alƙalai duka suka ba Miocic.

Ashe duk kashe-kashen nan da ya yi ta yi sun ɓoye abu biyu, watau bai iya kokawa ba, kuma ba shi da dogon numfashi. Ba wanda ya gani, domin ba wanda ya daɗe a gabansa har abin ya fito. Ya koma wajen wasu masu horarwa a Las Begas, ya zauna ya koyi abin da ya rasa. Bayan shekara 3, a watan Maris na 2021, aka sake haɗa su, Kamaru Usman kuwa yana cikin masu tsaya masa a kusurwa. Miocic ya kai hannu zai kama ƙafa kamar dā, Ngannou ya tare, ya juye masa. Bai yi gaggawa ba, bai zubar da ƙarfinsa a banza ba, a turmi na biyu ya kashe shi. Hannun nan dai shi ne na 2018. Abin da ya sake shi ne an sami waɗanda suka dube shi da idon malami suka ce, ga inda ka gaza.

Mu da muka yi aikin makaranta ba mu bukatar a yi mana dogon bayani a nan. Kowane malami ya taɓa samun yaro mai kaifin haddar da ke cinye jarrabawar aji ɗaya da biyu, sai an kai inda a ke bukatar tunani ya tsaya cik. Saboda irinsa ne ba mu dogara ga jarrabawar ƙarshen shekara kaɗai. Muna da rajistar kiran suna, da littafin maki, da takardar rahoto da a ke aika wa uba, sa'an nan sufeto ya zo ya duba malamin kansa. A fagen dambe kuwa jarrabawa ɗaya tak mu ke da ita, ita ce kisa. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, wanda ya tsaya shi ne gwani. Yaron da ya yi turmi uku da wanda ya fi shi shekaru da nauyi, aka tashi babu kisa, ba a ƙidaya masa kome ba, alhali kuwa watakila shi ne ya fi kowa ci gaba a ranar.

Kada a ce dambenmu ba shi da malamai. Yana da su, har ma ya fi na Turawa girmama su, don kuwa a nan ɗalibi sunan malaminsa ya ke amsawa. In ka ji Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane, to, an gaya maka gidan da ya fito ke nan. Bayan haka kowa na da ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramaɗa. Ubangida shi ke koya wa yaro ɗaura zare, da tsayuwa, da miƙa hannun garkuwa, shi ke ce masa shiga ko kada ka shiga. A cikinsu akwai masu ido ƙwarai, waɗanda da ganin takun yaro sun san abin da zai zama. Sai dai duk ilmin nan a ka ya ke. Ran da yaro ya bar Gwaram ya sauka a wani gidan dambe a Kano, ba abin da ya bi shi sai suna. Sabon ubangida bai san wasa nawa ya yi ba, bai san sau nawa ya suma ba, yaron kuwa ba zai faɗa ba.

Magatakardan dambe tun asali makaɗi ne. Da ba don Ɗan Anace ba, da yau mutane kaɗan ne za su san Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware. Muna gode wa makaɗa, amma makaɗi aikinsa zuga, mai kisa ne ke yi masa kari, saboda haka littafinsa nasara ya fi riƙewa. Abin ma da ɗan ban kunya ga mutanen Birnin Kudu musamman, don kuwa waɗanda suka zauna wurin tun kafin a san takarda sun zana shanunsu a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, har yau masana na zuwa kallo. Mu da ke da alƙalami da akawu a kowane ofis ba mu iya nuna takarda ɗaya da ta ce ga 'yan damben ƙasar nan na bara ba.

Shawararmu ba mai tsada ba ce. Kowane ɗan dambe da ke shiga fili inda a ke karɓar kuɗin ƙofa ya kasance yana da ɗan littafi nasa, kwafinsa kuma yana cikin rajista a ofishin ƙaramar hukuma. A shafin farko a sa sunansa na yanka da na dambe, da garinsu, da shekarunsa, da ubangidansa, da nauyinsa. Sikelin da a ke auna hatsi a kasuwa ya isa wannan aiki. Daga nan kowane wasa a rubuta rana da wuri, da wanda aka kara da shi da nauyinsa, da turmi nawa aka yi, da yadda aka tashi. In kisa ne a faɗi irinsa, ko santsi ne ya sa hannu ya taɓa ƙasa, ko kuwa bugu ne ya ɗauke shi. Waɗannan biyu a fage sunansu ɗaya, a wajen likita kuwa tsakaninsu kamar sama da ƙasa.

Wancan na akawu ne. Na ubangida shi ne awon ci gaba, sau ɗaya a wata uku, kamar zangon makaranta. Numfashi shi ne na farko, aunawarsa kuwa agogo kawai ta ke bukata: yaro ya yi gudun mil ɗaya a rubuta mintocinsa, a ƙirga bugun jijiyar hannunsa da ya tsaya, a sake ƙirgawa bayan minti ɗaya. Wanda bugunsa ke saurin sauka shi ne mai jure turmi na uku. Sa'an nan a dubi tsaro. Mu kan ƙirga bugun da yaro ya kai, ba mu ƙirga wanda ya sha, alhali na biyun ne ke nuna tsawon kwanansa a sana'ar. Wayar nan da ta jawo maganar tana da amfani a nan. A ɗauki wasan, washegari ubangida ya zauna da yaronsa su kalla a natse, su ga ko yana sauke garkuwa in zai kai bugu, ko kullum gefe ɗaya ya ke kauce wa, ko yana rufe ido. Kamaru Usman kansa, a watan Agusta na 2022, yana kan gaba a maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, ya sunkuyar da kai gefe don kauce wa naushin Leon Edwards, ashe shuri ne ke jiransa a can, ya tafi da kambun. In ɗabi'a guda ta iya kayar da irin wannan, yaronmu fa? A ƙarshe a rubuta hali: zuwa horo a kan lokaci, jin maganar alƙalin wasa, da nisantar ƙwaya.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, shi ne kai. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi cikin ƙoƙo mai tauri. In bugu ya girgiza kai sai ta bugi ƙoƙon daga ciki, shi ya sa mutum ke faɗuwa, ko ya miƙe yana tangaɗi bai san inda ya ke ba. A fage sai a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, abokai su ce ai namiji ne, gobe ma a gan shi ya ɗaura zare a wani gari. Nan haɗarin ya ke. Ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba in ta sake shan bugu ta kan kumbura, a kan kuma rasa rai a haka. Wanda ya tsira, in abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, sai a ga hannu ya fara rawa, magana ta yi nauyi, mantuwa ta yi yawa, fushi ya zo ba dalili. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta bayanin wannan ciwo a jikin tsofaffin 'yan damben boksin. Mu a nan sai mu ce jifa ne, ko sammu, ko iska, mu kai shi wajen mai magani, mu manta da shekarun da ya yi yana tara bugu.

Saboda wannan ne hukumomin dambe a ƙasashen waje ke hana wanda aka sumar shiga fili har wata ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, sai kuma likita ya sa hannu. Wannan doka ita kaɗai ta isa dalilin buɗe rajista, domin ba ta aiki sai da rubutu. In littafin yaro ya nuna an sumar da shi ran 3 ga wata, kowane mai gidan dambe ya ƙi karɓarsa sai wata ya zagayo. In ya suma sau biyu a kaka ɗaya, ya ajiye zare sai baɗi. Ubangida kuma ya san alamun da ba a kwana da su a gida: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, gani biyu-biyu, barcin da ba a iya tayar da mutum, jini ko ruwa daga kunne. Birnin Kudu na da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, ba a rasa inda za a kai shi ba.

Ba duk abin da a ke yi a keji ne abin koyi ba. Mafi muni shi ne ƙona ruwan jiki don a sauka ajin nauyi na ƙasa, watau mutum ya ƙi shan ruwa, ya yi ta fitar da gumi kwana biyu kafin awo. A watan Disamba na 2015 wani saurayi ɗan ƙasar Sin mai shekara 21, Yang Jian Bing, ya rasu a Manila yana cikin wannan aiki. In ajin nauyi ya shigo dambenmu, ya kuwa fara shigowa ta hannun kamfanoni, to, a auna yaro yadda Allah ya yi shi, a yi awon sau da yawa cikin shekara don kada wani ya yi dabara da ransa a zafin bazararmu. Haka nan shaƙewa da murɗe gaɓa ba abin da yara za su koya daga waya ba ne su gwada a kan juna a bayan makaranta. Can da a ke yi, akwai tabarma mai taushi, akwai malami a tsaye, akwai kuma ƙa'idar cewa da abokinka ya taɓa ka alamar ya sallama, ka sake shi nan take.

Za a ce masu gidajen dambe ba za su yarda ba, don wanda jama'a suka biya kuɗi su gani in aka zaunar da shi wata guda, aljihu ne zai ji. Gaskiya ne. Za a kuma ce yaro zai jefar da littafin ya sake suna. Wasu za su yi. Amma izinin taro a hannun hukuma ya ke, da hakimi da dagaci, ba kuwa wanda ya san 'yan damben gari kamar Sarkin Fawa da sarkin dambe. In aka ce babu izini sai an nuna rajista, sai kuma da ma'aikacin lafiya a bakin fili, kaka ɗaya ta isa kowa ya saba. Ɗan damben ma zai gane littafin dukiyarsa ne ran da wani kamfani ya zo neman gwanaye, ya ga mai takarda ya riga shi shiga mota. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suka ɗauki kokawarsu suka yi mata gasar takobi ta ƙasa, kowace jiha da 'yan wasanta da masu horar da su, ba mu kuwa ji an ce kokawa ta rasa kiɗanta ko kirarinta ba.

Saura maganar wanda zai koya wa masu koyarwa. Hogan Bassey da ya ci kambun duniya a Faris a 1957, bayan ya ajiye safar dambe gida ya dawo ya zama mai horar da 'yan damben ƙasa. Kamaru Usman kuwa a makarantar sakandare ya fara kokawa, a jami'a ya zama zakara a 2010, kafin ya taɓa shiga keji. Watau can makaranta ce mafarin abin. Ba mu ce a sa yara ɗaura zare a firamare ba, Allah ya kiyaye. Amma kokawa da langa da gudu ba su da bugun kai, su ne kuwa tushen da Ngannou ya rasa har ya sha kaye. Malamin wasanni na iya riƙe musu littafin awo kamar yadda ya ke riƙe na lissafi.

Su kuma iyayen gidan dambe, muna roƙon Ma'aikatar Wasanni a Dutse ta haɗa kai da Kwalejin Ilmi ta Gumel da makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, a shirya musu kwas na mako guda da Hausa kafin kaka, a kan taimakon farko, da awon numfashi, da cika littafi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya zo da ɗansa ya rubuta masa. A fara da ƙananan hukumomin nan biyu, tun da ƙasarsu a haɗe ta ke, 'yan dambensu kuma filaye ɗaya su ke zagawa. Majalisun biyu na iya sa maganar cikin takardar zamansu na gaba, a naɗa akawu ɗaya a Birnin Kudu, ɗaya a Gwaram, su riƙa musayar sunayen waɗanda aka zaunar kowace Jumma'a.